Yawon da na yi a Surulere: tsohon sitadiyam, amala da gardamar ƙwallo

Yawancin mutanenmu in sun shiga Legas hanyarsu ɗaya ce, daga tasha sai Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago, in ɗan kasuwa ne ya tsallaka Idumota da Balogun ya saro kayansa a ɗaure masa ya juyo, shikenan an je Ikko an dawo. Ni ma harkar kasuwa ce ta kai ni, amma wannan karon nace wallahi sai na ware lokaci na taka Surulere da ƙafata, domin duk wanda ya tashi yana jin ƙwallo a rediyo ko yana kallon NTA a ƙasar nan ya san sunan unguwar nan tun bai san ta wace kusurwa take ba. A nan tsohon babban filin wasa na ƙasa yake, a nan aka fara ɗaga mana kofin Afirka, a nan ɗan wasanmu ya faɗi ya mutu a tsakiyar fili, a nan kuma Kamaru ta sa mu kwana ba mu ci tuwon dare ba.

A Idi-Araba na sauka wajen kawuna, wanda yake Legas tun zamanin mulkin soja na Obasanjo. Unguwar tana manne da Surulere ta ɓangaren Mushin, nan ne babban asibitin koyarwa na LUTH yake, kuma in ka shiga wasu layukan zaka rantse a Fagge kake, ga masallatai ga masu shayi ga masu yankan farce, Hausa kawai ke tashi. Da na gaya wa Kawu abin da nake so sai yayi dariya yace "ɗana, kai da zaka zo ganin sitadiyam sai yanzu da ya tsufa? To shirya gobe da sassafe, ranar Asabar ake ganin wajen da rai."

Daga Idi-Araba muka shiga danfo zuwa Ojuelegba. Babu maganar acaɓa, tun watan Yuni na 2022 gwamnatin jihar ta hana su aiki a ƙananan hukumomi shida har da Surulere, kuma kowa ya san yaranmu na Arewa su suka fi jin wannan dokar a jikinsu, wasu sun koma keke, wasu sun koma dako, wasu sun tattara sun dawo gida. Ojuelegba kuwa sai wanda ya gani. Ƙarƙashin gadar nan kwandastoci na ihu, Yaba, Lawanson, Oshodi, Costain, kowa na jan hannunka, masu biredi da masu ruwan leda suna ratsa motoci, mai wa'azi da lasifika a gefe ɗaya mai sayar da maganin gargajiya a ɗaya gefen, ga hayaƙi ga hon, amma abin mamaki kowa ya san inda ya nufa. Kawu yace in riƙe wayata da kyau kuma kada in tsaya ina kalle-kalle a tsakiyar hanya, tafiya ake ana kallo. Daga nan muka bi babban titin Funsho Williams, wanda tsofaffi har yau Western Avenue suke ce masa, muka wuce Barracks, ba a jima ba sai ga dogayen turakun fitilun sitadiyam sun bayyana ta saman gidaje.

Kafin in shiga maganar ƙwallo bari in ɗan faɗi yadda unguwar take. Surulere ba irin cunkoson tsibirin Legas take da shi ba, an zana ta ne, tituna a miƙe, gidaje a jere. A shekarun 1950 da hukuma ta rushe wasu cunkusassun unguwanni a tsakiyar tsibirin, nan aka kwaso mutanen aka gina musu gidaje, har ana kiran wajen New Lagos, daga baya ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta da 'yan boko suka cika ta. Shi ya sa har yanzu in ka bi ta Adeniran Ogunsanya ko Bode Thomas ko Ogunlana Drive zaka ga tsofaffin gidaje ƙanana masu ɗan fili a gaba sun maƙale tsakanin bankuna da shaguna da wuraren cin abinci. Harkar finafinan kudu ma a nan ta yi ƙuruciyarta.

To mun iso ƙofar sitadiyam wajen ƙarfe bakwai da wani abu, kuma gaskiyar Kawu ce, wajen cike yake. Mata da maza suna gudu suna zagaye ginin, wasu manyan mutane masu tumbi suna tafiyar sassarfa da tawul a wuya, gungun mata suna motsa jiki da kiɗa, yara kan takalmin taya suna wucewa fuu, can gefe ana buga ƙwallo a duk inda aka samu fili ko da kan kwalta ne. Amma kana ɗaga kai ka kalli babban ginin sai jikinka yayi sanyi. Fenti ya koɗe, ƙarafa sun yi tsatsa, kujeru sun farfashe, a watan Afrilu na 2023 ma ɗaya daga cikin turakun fitilun ya karye ya faɗo lokacin wani ruwa da iska. Ya yi mini kama da babban gidan gado wanda 'ya'yan gidan duk suka tare a Abuja suka bar shi da masu gadi. Kuma kusan hakan ne ya faru, tunda aka buɗe filin Abuja a 2003 don wasannin Afirka, manyan wasanni suka ƙaura, wannan aka juya masa baya. An ɗan taɓa gyara wajen 2020 lokacin da attajirin nan Kessington Adebutu ya ɗauki nauyin gyaran ciyawa da allon nuna ci, amma gyaran ciyawa kaɗai ba ya mayar da fili fili.

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta gina shi a siffar da yake yanzu, aka gama a 1972, bayan yaƙin basasa da shekara biyu kacal, kuma a watan Janairu na 1973 aka yi wasannin Afirka karo na biyu a cikinsa. Mutane sun fi tuna cewa Najeriya ta ci zinare a ƙwallon ƙafa bayan ta doke Gini 2-0, amma ni abin da ya fi burge ni shi ne masu gudun da suka taka wannan filin. John Akii-Bua na Yuganda ya zo da zinaren Olamfik ɗinsa na Munich ya sake cin tseren tsallake shinge na mita 400 a nan. Wani saurayi ɗan Tanzaniya, Filbert Bayi, a nan ya tsere wa Kipchoge Keino na Kenya a mita 1500 duniya ta fara jin sunansa. A wannan shekarar dai aka fara gasar wasanni ta ƙasa, ita ma a nan, da niyyar a haɗa matasan da yaƙi ya raba. Wato dai ba don ado aka gina wajen ba, ƙasa ce ta fito daga jini tana neman abin da zai sa ɗan Kano da ɗan Inugu su yi ihu ɗaya.

Muna zagayawa Kawu ya tsaya ya nuna mini wata ƙofa da sandarsa yace ta nan ya shiga ranar 22 ga Maris 1980. Yace tun da hantsi suka zo shi da abokansa masu sayar da goro, wasan kuwa sai yamma, rana ta gasa su amma ba wanda ya motsa don in ka tashi wajenka ya tafi. Ranar ce Green Eagles, sunan tawagar Najeriya a lokacin, suka lallasa Aljeriya 3-0 a wasan ƙarshe na kofin Afirka, Segun Odegbami ya ci biyu, ta farkon tun minti na 2, Muda Lawal ya ƙara ta uku bayan an dawo hutun rabin lokaci. Kocin ɗan Burazil ne, Otto Gloria, gola Best Ogedegbe, kyaftin Christian Chukwu, shi ya karɓi kofin daga hannun Shugaba Shehu Shagari. Waɗanda ba su samu shiga ba suna manne da rediyo suna jin Ernest Okonkwo, mutumin da ya raɗa wa Chukwu Chairman ya raɗa wa Odegbami Mathematical. Shagari ya ba kowane ɗan wasa gida a Festac da mota Fijo 504 da lambar girmamawa ta ƙasa. Kawu yana ba ni labarin nan muryarsa har rawa take, yace daren ranar daga Surulere har Idi-Araba da ƙafa suka koma saboda titi ya cika da mutane mota ba ta iya wucewa, Bayarabe ya rungume ka Inyamuri ya ɗaga ka sama ba wanda ya tambayi garinku.

Mu mutanen Kano ma muna da rabo a wannan tawagar, don akwai Shefiu Mohammed na Raccah Rovers a ciki, ga kuma Kadiri Ikhana wanda daga baya ya zama koci ya ciyo wa Enyimba kofin zakarun Afirka a 2003, sannan ya zo ya ba Kano Pillars kofin lig ɗinta na farko a 2008. Duk masu cika filin wasa na Sani Abacha suna ihun sai masu gida ya kamata su san cewa zaren ya biyo ta Surulere.

Filin bai yi mana daɗi kullum ba fa. A 1977 saura ƙiris mu je kofin duniya na Ajantina, Tunisiya ta zo nan, Godwin Odiye ya sa kai zai fitar da ƙwallo ta faɗa ragarmu, aka tashi 1-0, bawan Allah har yau da wannan ake tuna shi duk da irin wasan da ya yi wa ƙasa. A 1981 Aljeriyar da muka ci ta dawo ta rama 2-0 a wannan filin dai ta hana mu zuwa kofin duniya na Sifen. Mutanen Legas kuma ba su da haƙuri da wasan banza, in 'yan wasanmu suka yi sanyi sai 'yan kallo su juya su koma goyon bayan baƙi, kowane fas na abokan hamayya a yi masa tafi. Wasu na ganin rashin kishi ne, ni a ganina wannan matsin shi ya sa 'yan wasan da suke jin tsoron sa rigar ƙasa su yi wasa da ita.

A gaban filin akwai mutum-mutumin Samuel Okwaraji, daga ƙirji zuwa kai. Nan na fi daɗewa a tsaye. Ranar 12 ga Agusta 1989 ana wasan neman gurbin kofin duniya da Angola, a minti na 77 ya yanke jiki ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, zuciya ce ta tsaya, yana da shekara 25. Yaro ne mai ilimi, ya yi karatun lauya a Italiya, shi ne ya ɗaɗa wa Kamaru wata ƙwallo tun farkon wasa a gasar kofin Afirka ta Maroko ta 1988. An ci wasan 1-0, Stephen Keshi ya ci, amma wa ya damu da ci a ranar, ga shi kuma wasu 'yan kallo ma sun rasu saboda cunkoso da zafi. Na ga matasa suna wucewa ta gaban mutum-mutumin da ƙwallo a hammata ko kallonsa ba sa yi, sai wani dattijo mai wankin mota a wajen da ya ga na tsaya ya matso yace "Malam, ka san shi?" nace na san labarinsa, sai ya gyaɗa kai yace shi yana ciki ranar, ya koma kan aikinsa.

Nawa zamanin shi ne 2000, lokacin da Najeriya da Gana suka haɗu suka karɓi gasar kofin Afirka. Kafin nan a 1999 an yi gasar matasa ta duniya, wadda har Kano da Kaduna da Bauchi suka samu wasanni, aka yi fainal a nan Sifen ta ci Japan 4-0 da su Xavi suna yara. Amma 2000 ita ce ta zauna mana a rai. Wasan Senegal, Fadiga ya ci mu tun da wuri muka yi ta bugu ƙwallo ta ƙi shiga har saura minti biyar, sai ga Julius Aghahowa ya farke, a ƙarin lokaci ya ƙara ya kama alkafura, mutane suka ɓarke cikin fili tun ba a tashi ba. Sai wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu, ranar Tijjani Babangida kenan, ɗan Kaduna yana Ajax a lokacin, ya zura biyu tun kafin hutu, ta farkon mutane ba su gama zama ba. Wallahi a layinmu ranar har masu cewa ƙwallo aikin banza ne sun fito, namu ne ya ci, ga Garba Lawal shi ma yana tsakiya yana aikin da ba a cika yaba masa ba.

Sai ranar 13 ga Fabrairu, wasan ƙarshe da Kamaru. Eto'o ya ci, Mboma ya ƙara, muka ce shikenan, Raphael Chukwu ya rage kafin hutu, ana dawowa Okocha ya saki wata daga nesa da ƙafar hagu ta shige, 2-2. Aka je fenariti. Golansu Alioum Boukar ya tare ta Kanu, Ikpeba ya buga ta daki ƙarfen sama ta dira bayan layi ta fito, alƙalin wasa Mourad Daami ɗan Tunisiya yace ba ta shiga ba, shi kansa Ikpeba ya ɗora hannu a ka, Rigobert Song ya zo ya buga ta ƙarshe suka ɗauke kofin 4-3 a gabanmu. Na leƙa ta wata ƙofar ƙarfe na hango ragar ɓangaren, fili shiru ba kowa sai tsuntsaye, na daɗe ina kallo. Wani abin da ke taɓa ni shi ne Marc-Vivien Foé yana cikin 'yan Kamarun da suka buga ranar, har ya zubar da tasa fenaritin, shi ma bayan shekara uku ya faɗi a fili a Lyon ya rasu kamar yadda Okwaraji ya rasu. Allah Ya sa mu cika da kyau.

Amma kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka wajen kango ne kawai. Babban filin ne ya mutu, kewayensa na nan da rai. Cibiyar horar da masu koyar da wasanni ta ƙasa, NIS, tana ciki. Akwai zauren wasannin cikin ɗaki inda ake ƙwallon kwando, akwai wajen ninƙaya, akwai ɗakin dambe mai sunan Brai Ayonote, na tsaya ta taga ina kallon yara suna dukan buhu gumi na zuba, wata yarinya da ba ta wuce sha shida ba tana tsalle da igiya ko haki ba ta yi. Wajen da ya fi girgiza ni shi ne na masu ɗaga ƙarfe masu buƙata ta musamman. Mutum zai zo a keken guragu tun daga wata unguwa mai nisa, ya sha gosulo, a ɗaga shi a kwantar a benci a ɗaure ƙafafunsa, ya ɗaga nauyin da ƙato mai ƙafa biyu ba zai iya motsawa ba. Irin waɗannan su ne suke ciyo wa Najeriya zinare a gasar Paralimfik shekara da shekaru, su Lucy Ejike, alhali masu lafiyar sau da yawa hannu rabbana suke dawowa. Kayan aikinsu tsofaffi, ɗakin zafi, amma ba ka jin ƙorafi sai ƙarar ƙarfe da kirarin da suke yi wa juna. In da ni ke rabon kuɗin wasanni a ƙasar nan da daga ɗakin nan zan fara.

Kana fitowa ka tsallaka titi sai ga wani filin kuma, Teslim Balogun, na gwamnatin jiha, suna kallon juna da na tarayya. An fara gininsa tun shekarun 1980 amma sai 2007 aka buɗe, yana cin mutum dubu ashirin da 'yan kai. Mai sunan, wanda ake wa laƙabi da Thunder saboda ƙarfin shot ɗinsa, yana cikin tawagar Najeriya ta farko da ta je Ingila a 1949 wadda yawancinsu ba takalmi suka buga, ya taɓa bugawa Jos, daga baya ya je Peterborough da Queens Park Rangers, ya rasu a 1972. A gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta duniya ta 2009 a nan rukunin Burazil ya yi wasa, wato Neymar da Coutinho sun taka Surulere suna yara, kuma ko zagaye na biyu ba su kai ba. A nan muka ci Sifen 3-1 a kusa da na ƙarshe kafin Suwizalan ta ci mu a Abuja. Ranar 30 ga Maris 2021 Super Eagles suka dawo Legas bayan shekaru masu yawa suka ci Lesotho 3-0 a wannan filin, Osimhen ɗan Legas ya buɗe ci, Ahmed Musa ne kyaftin ɗin tawagar, bayan 'yan makonni ya dawo Pillars. A cikin harabar akwai zauren Molade Okoya-Thomas inda ake tebur tanis, kuma mutanen Legas ba wasa suke da wannan wasan ba, kusan kowane lungu zaka ga an kafa tebur ko da katako ne a kan bulo.

Zuwa lokacin rana ta take, yunwa ta fara magana, Kawu yace mu gangara ta titin Alhaji Masha zuwa Shitta. Duk wanda ya san Surulere ya san amalar Shitta. Tun daga nesa zaka ga layi, mai kwat da mai kayan gareji duk kwano a hannu, ba wanda ya fi wani, matan na zaune gaban manyan tukwane suna yankar amala da ɗan ƙoƙo suna jefawa a kwano da saurin da ido ba ya bi. Na san da yawa daga cikin mutanenmu suna ƙyamar amala saboda baƙinta, to ba komai ba ne illa doya da aka yanka aka shanya ta bushe aka niƙa, busarwar ce ke sa ta yi duhu, kuma in an tuƙa ta da kyau laushinta ya wuce na tuwon da muka saba, ba a tauna ta, zamewa take. Miyar kuma kala uku ake haɗawa a kwano ɗaya su ce abula. Akwai ewedu, wato lalo ne namu sak, an dafa an kaɗa shi da ɗan tsintsiya da daddawarsu da suke kira iru, wadda ba a daka ta kamar tamu, ƙwayoyin kalwar a warwatse suke. Akwai gbegiri, miyar wake ce da aka cire ɓawo aka dafa ya narke aka tace aka sa manja. Sai jar miya ta tattasai da attarugu a kai. Kore da rawaya da ja, amala a tsakiya.

Nama kuwa nunawa kake da yatsa ana ɗebo maka, naman akuya, tumbi, ganda, ƙafar saniya. Na tambayi Kawu maganar yanka, yace in kwantar da hankalina, yawancin masu irin wannan sana'ar a nan Alhajiya ne kuma naman daga hannun mahautanmu yake fitowa, amma duk inda ban sani ba in tambaya, ba wanda zai ji haushi. Na ci da hannu, zafi na ƙona yatsa, yaji na hawa kai, fanka na kaɗa iska mai ɗumi, gumi har cikin ido, kuma ban tsaya ba sai da na ga ƙasan kwano na ce a ƙaro. Gaskiya gbegirin nan ita ce sirrin, ita ke kashe kaifin yajin ta ba miyar jiki. Abin da zan faɗa wa duk mai zuwa shi ne ya je kafin azahar, lokacin amalar na fitowa daga wuta, in ta huce rabin daɗin ya tafi.

Da safe kuma in ka samu mai ewa agoyin kada ka wuce. Wake ne da aka dafa har ya zama kamar fate, a zuba masa wani baƙin mai na manja da busasshen barkono da albasa da aka soya har suka kusa ƙonewa, ka haɗa da biredin Agege mai nauyin nan ka yaga kana dangwala, in ka ci wannan sai la'asar. A bakin titi kuma ga gasasshiyar ayaba da gyaɗa, boli suke cewa, ga ƙosai ga fanke. Shinkafar ofada ce dai ban saba da ƙamshinta ba, amma miyarta ta koren tattasai da aka zuba a ganye ta yi.

Bayan mun yi sallah a wani masallaci nan kusa muka ɗan huta, da yamma muka sake bi ta wajen Masha, lokacin unguwar ta canza kaya. Gidajen kallon ƙwallo sun cika, janareto na ruri, allo an rubuta wasannin Firimiya da alli, yara sanye da rigunan Chelsea da Arsenal suna gardama kamar a Landan aka haife su, alhali ga filin da Odegbami ya yi abin da ya yi can bayansu ana hango fitilunsa a kashe. Ban ga laifin yaran ba, abin da aka nuna musu shi suka sani, yaron da aka haifa bayan 2000 bai taɓa jin ƙarar wannan filin a cike ba. Ni dai ra'ayina, yawon da ake da Super Eagles daga Abuja zuwa Kalaba zuwa Uyo zuwa Benin ya sa tawagar ba ta da gida na gaskiya, Uyo fili ne mai kyau ba musu, amma baƙo ba ya jin tsoronsa yadda ake jin tsoron Surulere a da.

Dare kuma namu ne. Duk kwanar da ka bi zaka hango fitila da hayaƙi, mai tsire ya kafa tukuba, kuma kana yin sallama zaka ji amsa da harshen Sakkwato ko Katsina ko na mutanen Tawa da Maraɗi. Muka zauna wajen wani ɗan ƙasar Zamfara da Kawu ya sani, ya yanka mana tsire da ƙoda da kitse kaɗan ya barbaɗa yaji da albasa a takarda, mai shayin gefensa ya haɗo mana kauri. Kwastomominsa Yarbawa da Inyamurai suna tsaye suna ta "aboki ƙara yaji", shi kuma yana mayar musu da Yarbanci tsaf har da barkwanci. Yace mini da can ranar da duk ake babban wasa a sitadiyam maigidansa da ya koya masa sana'a sai ya ninka naman da yake saya kuma kafin sha ɗaya ya ƙare, yanzu kuwa sai ranar da ake wani taro ko wasa a Teslim ake ɗan ganin irin haka.

Ban san yadda aka yi hira ta koma kan fenaritin Ikpeba ba sai ji na yi benci ya kaure. Wani direban danfo yace laifin Ikpeba ne da ya ɗora hannu a ka, da ya yi murna da rafali ya bayar, mai shayi yace ina, mai tutar gefe yana tsaye a wajen shi ya kamata ya gani, Kawu kuma yace duk ku bar wannan, ko an ba mu ita 4-4 za a koma, wa ya ce mu za mu ci na gaba, tun farko wa ya ce a bari Eto'o da Mboma su ci biyu cikin rabin awa. Wani saurayi ya zaro waya ya nemo bidiyon aka dinga maimaitawa ana tsayarwa daidai inda ƙwallon ta dira, kawuna sun haɗu a kan ɗan allon waya, kowa ya ga ta wuce layi amma gardamar ba ta mutu ba. Sai wajen sha ɗaya Kawu ya miƙe yace gobe akwai kasuwa, muka biya mai tsire ya ƙi karɓar kuɗin shayi, muka taka zuwa bakin titi muka samu danfon Ojuelegba saura mutum biyu ya cika.